Ranar da Ƙararrawar Iyaka Ta Yi Shiru

Rana ta take tsaka sa'ad da wani alfadari ya shigo kasuwa shi kaɗai, ba kaya a bayansa, ba mai kora, jini ya bushe a wuyansa. Mutane suna cikin tambayar juna na wane ne, sai ga madugun fataken ƙetare ya biyo baya a ƙasa, ragowar mutanensa na ɗauke da gawa cikin bargo. An tare su ne a rijiyar zango, inda ayari ke hutawa kafin ya ƙaraso gari. An kwashe musu dilolin ulu kaf, an kore alfadarai, an kashe wani mai kora da ya yi gardama.

Hari ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Shi ne ƙarshen masarauta, daga shi sai duwatsu, kuma cikin duwatsun akwai mahara waɗanda ba su iya noma ba sai girbin abin da wasu suka tara. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne ƙararrawa. A mashigin dutse, inda hanya ɗaya tilo ta ratsa iyaka, akwai hasumiya, a samanta kuma akwai ƙararrawar da magabata suka rataya. Ba a kaɗa ta. Ita take kaɗa kanta duk lokacin da wani ya ƙetaro iyaka da makami a hannu da mugun nufi a zuci, kuma ana jin ta har gonakin bayan gari. Ran nan kuwa mai kunne da kurma ɗaya suka tashi, ba wanda ya ji komai.

Kafin la'asar kasuwa ta gama yanke hukunci. Ƙararrawa ba ta taɓa saɓawa ba, saboda haka toshe ta aka yi. Wa zai toshe ta in ba mai tsaronta ba? Matar mai tsaron kuwa 'yar bayan dutse ce, kuma a wajen mutanen garin duk wanda ya fito ta bayan dutse, ko fatake ko mahara, uwarsu ɗaya. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa me zai sa mace ta sa a kashe ɗan ƙasarsu. Mai sayar da tukwane ta rantse ta ga matar tana hawa hasumiya da ƙunshin tsummoki, kuma kafin labarin ya kai layin mahauta tsummokin sun zama buhu guda. Aka je aka sauko da mai tsaron ƙararrawa, aka jawo shi a ɗaure ta tsakiyar kasuwa, masu jifa na jifa, masu tofi na tofi, har gidan Mai Iyaka, wato basaraken da sarki ya ba riƙon yankin.

Yayar mai tsaron ƙararrawa tana daji lokacin, tana neman wata saniya da ta ɓace. Ita ce mai bin sawun gidan Mai Iyaka, mace mai jiki, mai tafiyar nawa, kullum kai a sunkuye. Baƙo kan ɗauka kunya ce. 'Yan gari sun san ƙasa take karantawa, shi ya sa magidantan da ke da wurin zuwa a ɓoye suke bi ta kan dutse. Mai Sawu ake ce mata. Ita ta goyi wannan ƙanin nata bayan rasuwar uwarsu, kuma har yau, da furfura a gemunsa, Auta take kiransa.

* * *

Ta sami zauren Mai Iyaka a cike. Madugu yana tsaye, muryarsa ta dishe. Ya ce bara aka ƙulla yarjejeniya aka buɗe musu wannan kasuwa da alkawarin hanya lafiya. In ba a hukunta mai laifi ba kafin kasuwa ta sake ci, za su juya ayarinsu zuwa hanyar kogi, ƙasar maƙwabta, inda dama roƙonsu ake yi. Kowa a zauren ya san in fatake suka ɗauke ƙafa, ciyawa ce za ta cinye kasuwar.

Kusa da shi attajirin garin yake zaune, mai rumbunan da suka cika layi guda a bayan kasuwa. Kafin yarjejeniyar, duk ulun da ake sawa a yankin ta hannunsa yake bi, a farashin da ya ga dama. Yau shi ya fi kowa jimami. Ya ɗauki nauyin jana'izar mamacin, ya share ƙwalla da gefen riga, ya ba da shawara a rufe mashigin dutse gaba ɗaya har hankali ya kwanta. Don lafiyar baƙi, in ji shi.

Mai Iyaka ba azzalumi ba ne, mutum ne da ruwa ya kai wa wuya. Ya ce ranar kasuwa za a rataye mai tsaron ƙararrawa. Mai Sawu ta durƙusa ta roƙi a ba ta kwanakin da suka rage ta bi sawu.

"Ƙaninki ne," in ji Mai Iyaka. "In kin ga ƙafarsa a wurin, za ki faɗa mini?"

"Ranka ya daɗe, na taɓa yi maka ƙarya a kan sawu?"

"Ba ki taɓa ba. Amma ba ki taɓa bin na Auta ba."

"In nasa ne, da bakina za ka ji. In kuma ba nasa ba ne, ka yi mini alkawari za ka saurara ko sawun wane ne."

Mai Iyaka ya ce ya yi alkawari. Ta fita da tafiyarta ta kullum, ba wanda ya ga alamar komai, amma tsoro ne fal cikinta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a gaban zaki.

* * *

A kurkuku ta tarar da Auta zaune a kusurwa, leɓe a fashe, ido ɗaya a kumbure. Ya ce ya ga ayarin ya wuce da sassafe, ya ɗaga musu hannu sun ɗaga masa. Bayansu ba abin da ya ƙetaro, ko akuya. Bai sauka ba, bai taɓa ƙararrawa ba sai gogewar da ya saba yi mata. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaya, da na ji mutane da yawa haka suna faɗa, har ni ma na fara tunanin ko na gyangyaɗa ban sani ba."

Wannan maganar ta fi kumburin idon yi mata ciwo. Ta dungure masa kai kamar yadda take yi yana ƙarami. "In kai ka gyangyaɗa, ita ma ƙararrawar gyangyaɗawa ta yi? Rufe mini baki, ka ci abin da aka kawo maka."

Daga nan gidansa ta nufa. Gaskiyar magana, ba ta taɓa sakin jiki da matar Auta ba. Ba don wani laifi ba. Matar ba mai yawan magana ba ce, ita ma haka, to shekaru suka wuce suna gaisuwar maƙwabtan nesa. Saboda haka da zarginta ta tafi, ta ji kunyar kanta a hanya amma ba ta ajiye shi ba. Ta tarar an watsa wa ƙofar gidan kashin shanu, matar ta kulle 'ya'ya a ɗaki tana wanke ƙofar ita kaɗai. Da aka tambaye ta maganar tsummoki, ta shiga ta fito da kwando. Tsofaffin riguna ne da aka yayyaga, sun yi baƙi ƙirin da man goge ƙararrawa. Ta ce tun aurensu take kai masa wankakku ta karɓo masu datti, kuma mai tukwane ta sha ganinta, har ta taɓa roƙon ta ɗan mai.

"Yaya, in kina zargina ki faɗa mini. Gara in ji daga bakinki."

"Da shi na zo," in ji Mai Sawu. "Nan zan bar shi." Ta karɓi tsintsiyar ta ƙarasa wanke ƙofar.

Washegari ta hau hasumiya, tana hutawa a kowane lanƙwasar matakala tana zagin wanda ya gina ta. Ta leƙa cikin bakin ƙararrawa. Can ciki, daf da harshenta, zanzaro ya gina gidansa na laka, ya bushe ƙamas, ko tsaga babu. Da an cusa tsumma ɗaya ma da ya ruguje. Ba a toshe ƙararrawa ba ke nan, kuma ba ta kaɗa ba. Mai Sawu ta zauna a kan matakala saboda abin da ya faɗo mata: ba wanda ya ƙetaro iyaka, 'yan gida ne suka yi harin. Sai dai gidan zanzaro ba zai zo gaban Mai Iyaka ya yi rantsuwa ba, kuma gari ba ya yarda da laifin kansa da sauƙi.

* * *

Wanda ta fara zargi a cikin 'yan gida shi ne Barde, shugaban dakarun sintiri, don mutanensa ya kamata a ce suna rijiyar zango ran nan, kuma ba a gan su ba. Ta same shi ya ɗaure kumatu da ƙyalle. Ya fara da hayaniya, ya zube mata kibau masu baƙin gashi da aka tsinta a wurin, ya ce ko makaho ya shafa ya san na mahara ne. Ta ce masa babu gidan da ba a rataye irinsu ba a garin nan, tsintar tsofaffin hare-hare, ita kanta tana da su a bayan ƙofa. Ta ci gaba da kallonsa har ya gaji ya faɗi gaskiya. Haƙori ne. Ya yi kwanaki yana kuka da shi, ya sa rana da wanzami, aka cire, ya suma. Dakarunsa da suka ga babba ya kwanta, su ma suka nemi inuwa.

Wanzami ya tabbatar, har da nuna haƙorin, har da kwaikwayon yadda Barde ya riƙa kiran mahaifiyarsa. Sakaci ne, ba cin amana ba. Amma Mai Sawu ta ɗauki abu ɗaya: duk kasuwa ta san ranar da za a cire haƙorin nan, saboda haka duk kasuwa ta san ranar da hanya za ta kasance ba tsaro.

Madugu kuma ya ce maharan fuskokinsu a rufe suke, da takalman fatar akuya irin na mutanen dutse, kuma ba wanda ya yi magana a cikinsu. Sun kifa su a ƙasa, sun rufe musu kai da buhuna. Ya yi dariyar takaici ya ƙara da cewa tun yana saurayi yake fatauci, bai taɓa jin an sauke kaya da sauri da tsari kamar ranar ba.

* * *

A rijiyar zango 'yan kallo sun riga sun tattake komai, kamar an yi dambe a wurin. Sai da ta zagaya nesa ta sami inda sawu ya fita da tsabta: takalman fatar akuya da kofatan alfadarai, sun nufi duwatsu ta wata busasshiyar ƙorama. In sawun nan ya haura dutse, to duk tunaninta na hasumiya ya tashi a banza, kuma Auta ya tafi. Ta bi shi rabin yini cikin rana. A wani wuri mai yashi mai laushi ta durƙusa ta sa yatsa cikin ramin kofato. Bai kai gaɓa ɗaya ba. Alfadarin da ke ɗauke da dilar ulu biyu ba ya taka yashi kamar amarya. Dabbobin nan wayam aka koro su. Gaba kaɗan, a kan falalen dutse, sawun mutanen ya ɓace, na alfadarai kuma ya watsu, kowanne ya bi ciyawarsa. An kawo su nan ne don a ja idon mai bin sawu, aka sake su aka juya.

To kayan ba su hau dutse ba. A rijiya aka sauke su, aka bi da su hanyar gari, inda sawun keken shanu ya fi gashin kai yawa. Ta san abin da ya faru, amma ba ta da sunan kowa, kasuwa kuma jibi za ta ci.

Ta koma rijiyar ta zube a gindin itacen da ke wurin, ƙafafu sun kumbura, maƙogwaro ya bushe. Ta jingina kai da itacen, ta ɗaga ido sama, abin da ba ta cika yi ba. A kan wani guntun reshe, cikin ganye, sama da kan mutum kaɗan, igiyoyi ne a rataye. Duk garin ya zo nan ya duba ƙasa, ita ma ƙasa ta duba.

Ta sauko da su. Igiyoyin ɗaurin kaya ne irin saƙar ƙetare, ba a yanke ko ɗaya ba. An kwance su, an naɗe kowace tsaf, an soke bakinta a ciki. Ta yi dariya ita kaɗai har da tari. Wuraren da aka kai hari da ta gani sun fi a ƙirga, kuma mahari wuƙa yake sa wa igiya, ba shi da lokacin kwance ƙulli. Mai kwance igiya ya naɗe ya rataya inda ba za a taka ba, mutum ne da ya sha duka tun yana koyon aiki a kan ɓarnar igiya, har hannunsa ya daina neman izininsa.

Ta gwada naɗin a hannunta, daga tafi zuwa gwiwar hannu, yadda kowa ke yi. Ya yi tsawo da yawa. Ta juya shi, ta sake juyawa, sannan ta miƙe ƙafa ta zura. Daga tafin ƙafa zuwa gwiwa, ya zauna daram. Mutum ɗaya ta sani a yankin nan da ke naɗe igiya a ƙafa, don hannu ɗaya gare shi. Amma da ta jera naɗin a ƙasa, sai ta ga ba tsawonsu ɗaya ba. Wani na doguwar ƙafa ne, wani na gajera. Ba shi ba ne, waɗanda ya koya wa aiki ne.

* * *

Dungu ake ce masa, shugaban 'yan dakon attajiri, dattijo da keken shanu ya cinye wa hannun hagu tun yana matashi. Duk ɗan dakon da ya shiga rumbunan nan ta hannunsa ya biyo, kuma saboda suna ganin girmansa, komai nasa suke kwaikwaya, har naɗin igiya, ko da yake hannu bibbiyu gare su. Ta same shi a bayan rumbu yana gyaran gammo. Bayan gaisuwa ta tambaye shi inda yake ranar hari. Ya ce maigida ya aike shi mashaya can bakin kogi ya karɓo fatu, ya je bai tarar da fata ba, bai tarar da mai fata ba. Da ya dawo kuma aka karɓe makullin rumbun baya daga hannunsa, wai ana feshin ƙwari.

Ta ciro naɗi ɗaya daga jaka ta ajiye a gabansa, ta faɗa masa inda ta same shi. Dattijon bai taɓa ba. Ya dube shi kamar yadda mutum ke duban rubutun ɗansa, fuskarsa ta zube.

"'Yar nan, yarana ne. Wasu marayu na ɗauko su. Ni na raine su."

"Na sani, Baba. Nawa ma ni na raine shi, kuma jibi za a rataye shi."

Ta mayar da igiyar jaka ta tafi. Ta ji tausayinsa, amma tausayin bai sa ta rage sauri ba.

* * *

Ranar kasuwa da safe an riga an kafa itacen rataya a dandali. Mai Sawu ta roƙi Mai Iyaka ya tara mata mutane a farfajiyar gidansa kafin a fita: madugu da fatakensa, Barde da dakarunsa, attajiri da 'yan dakonsa duka. Aka fito da Auta a ɗaure aka tsayar a gefe, matarsa na bayan taro. Jama'a suka cika ƙofa suka hau katanga.

Ta sa aka zube tarin igiyoyin rumfunan kasuwa a tsakar farfajiya, a warwatse. Ta ce abu ɗaya take roƙo, kowane namiji a wurin ya ɗauki igiya ɗaya ya naɗe. Aka yi ta gunaguni. Attajiri ya yi murmushi ya ce baƙin ciki kan taɓa wa mutum hankali, a yi mata uzuri. Mai Iyaka ya ce a yi yadda ta ce.

Dakaru suka naɗe a gwiwar hannu. Fataken ƙetare suka ninka tasu gida-gida suka ɗaure tsakiya, yadda ake yi a ƙasarsu. 'Yan dako kuwa, ba tare da sun dubi juna ba, kowa ya ɗora ƙafa a kan dandamali ya shiga zagaya igiya daga tafin ƙafa zuwa gwiwa. Su suka riga kowa gamawa, suka soke bakin igiyar a ciki, har wani ya waiga yana neman inda zai rataya. Dungu kaɗai ya tsaya bai ɗauka ba, kansa a ƙasa.

Sai ta zazzage jakarta. Ta tambayi madugu ko ya san igiyoyin nan. Ya ɗauki ɗaya ya ce tasa ce, da hannunsa ya ɗaure dila da ita. Ta faɗi inda ta same su, ta faɗi maganar kofatan da ba su nutse ba da gidan zanzaro, a taƙaice, ba ado. Sannan ta ɗauki wani dogon naɗi ta je wajen mafi tsawon 'yan dakon ta ce ya miƙo ƙafa. Ta zura masa, ya zauna kamar don shi aka auna. Ta ɗauki gajere ta nufi wani gajere, shi kuma ya ja da baya har ya buge da bango.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ƙararrawa ba ta yi shiru don an toshe ta ba. Ta yi shiru ne don ba wanda ya ƙetaro. Mahari yanka igiya yake yi. Waɗannan ma'aikata ne, an sa musu takalman mahara, amma ba a iya canja musu hannu ba."

Attajiri ya miƙe, gumi na bin wuyansa, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, bai san abin da 'yan dako ke yi a bayan idonsa ba. In akwai mai laifi, ga wanda ya koya musu naɗin nan tsaye, shi ne ubansu, shi suke ji, shi za a tambaya.

A nan ya yi kuskuren da ya kashe shi. Dungu ya ɗago kai. Tun yana da hannu biyu yake bauta wa gidan nan, kuma da an bar shi, mai yiwuwa da bakinsa a rufe zai koma gida.

"Ni na koya musu naɗin igiya, ranka ya daɗe," ya ce wa Mai Iyaka. "Ban koya musu kisa ba. Ranar an aike ni inda ba kowa, an karɓe makullin rumbun baya. Yana nan a ɗaure a ƙugun maigida. A je a buɗe." Ya juya ga yaransa. "Ku kuma, wanda ya san ni ubansa ne, ya faɗi gaskiya yanzu."

Gajeren nan ne ya fara durƙushewa. Ya ce maigida ya ba su takalma da kibau, ya ce tsoratarwa kawai za a yi don baƙi su daina zuwa, ba wanda zai mutu. Babban yaron maigida ne ya soki mai korar. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Barde, wanda ke neman hanyar wanke kansa tun ranar haƙori, ya fizge makullin da kansa ya fita da gudu. Ba a daɗe ba dakaru suka dawo ɗauke da dilolin ulu masu tambarin ƙetare, an tono su daga ƙarƙashin fatu. Mutanen kan katanga, waɗanda suka yi jifa da hannunsu, su suka fi kowa ihun Allah wadai.

Mai Iyaka ya sa aka sa wa attajiri da babban yaronsa mari, ya ce gaban sarki za a kai su. Sauran 'yan dakon ya ce zai duba nasu daban. Madugu ya ce ayarinsa ba zai canja hanya ba, kuma zai faɗa a ƙasarsu cewa a nan ana bin jinin baƙo har a samo shi.

* * *

Da aka kwance Auta, Mai Iyaka ya tambayi Mai Sawu abin da take so, ko gona ko shanu. Ta ce ba ta son ko ɗaya. Ta tsakiyar kasuwa aka jawo ƙaninta, ta tsakiyar kasuwa take so a mayar da shi, kuma Mai Iyaka da kansa ya raka shi, a ƙasa, matarsa a gefensa. Fadawa suka dubi juna. Mai Iyaka ya sauko daga kujerarsa ya kama hannun Auta.

Haka aka yi. Kasuwa na tsakiyar ci suka ratsa ta, Mai Iyaka a dama, matar Auta a hagu, kanta a ɗage, ba ta kalli kowa ba kuma ba ta kauce wa idon kowa ba. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe suka miƙe. Mai tukwane ta shige bayan tukwanenta. Wasu suka fara kiran Auta da sunan aikinsa, mai tsaron ƙararrawa, suna yi masa barka, wasu suka bi bayansu, har taron ya zama ayari. Da suka zo dandali, dakaru na cikin tumɓuke itacen rataya.

A nan ƙafafun Mai Sawu suka ƙi. Tun ranar da aka kama shi take tsaye a kansu, yanzu suka ce sun gama. Ta zauna a kan wani dutse a bakin hanya, hawayen da ta hana fita a kurkuku da hasumiya da rijiya suka zo gaba ɗaya, ta bar su. Daɗi ne ya yi mata yawa, ba ta ɓoye ba.

Auta ya waiga bai gan ta ba. Ya saki hannun Mai Iyaka, ya dawo yana ɗingishi ta cikin mutane har ya same ta.

"Yaya, taso mana. Ke aka yi wa wannan tafiyar."

Ta share fuska da bayan hannu, ta dube shi sama da ƙasa, da ransa, da ƙafafunsa a kan ƙasa.

"Je ka, matarka na jira," ta ce. "Ka yi gaba abinka, Auta. Ni ba za ka ɓace mini ba."